Ku Gaya Ma Waccan

Wata biyar Fadila ta yi a gidan ubanta a nan Dogon Dutsi, kuma a cikin wata biyar ɗin ba wanda ya kira sunanta a gidan, ko da suɓutar baki. Ni ce gwaggonta, Sahura, mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin ƙofar koleji. Ubanta Abdulhakim ƙanena ne, ciki ɗaya. Zan faɗi abin da suka yi mata, in kuma faɗi abin da na yi musu, don har yau zuciyata ba ta ce mini in tuba ba.

Fadila 'yar fari ce. Tun daga yaye aka kai ta Ɗan Kassari wurin Innarmu, a can ta girma har ta kai shekara goma sha biyar, tana kwana a bayan tsohuwa, suna ci a ƙwarya ɗaya. Da Inna ta rasu bayan an gama yankan hatsi, Abdulhakim ya ce ba zaman bakwai, ba na arba'in, kuma kada ya ji kukan kowa. Rana ta uku ya sa wa ɗakin kwaɗo. Ni na riƙo hannun yarinyar muka hau motar kasuwa, daga ita sai jakar lakkwal, wato makaranta, da ƙullin kaya ɗaya.

Mun iske uwarta Hamsatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta ga 'yar da ta haifa tsaye, ido ya kumbura, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya wajen ƙananan yaranta.

"Ku gwada ma waccan inda za ta aje kayanta."

Ni ta yi mini gaisuwar mutuwa yadda ya kamata, har da ƙwalla. Yarinyar da tsohuwa ta cika a kan cinyarta kuwa, ko sannu ba ta samu ba.

Na san abin da ake nufi, ni ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kunyar ɗan fari ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi, uba ma haka. Ni kaina 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma waɗanda suka kafa abin nan ba wawaye ba ne. Da suka rufe bakin uwa, sai suka buɗe na kaka, ita ce mai kira, mai lallashi, mai tambayar me ya same ka. Ni kakata ta rayu har ta ga aurena. Fadila tata ta mutu, aka ɗauko ta aka kawo ta gidan da duk manyan cikinsa suke jin kunyarta.

Aka sa ta a kolejin da nake sana'a, ajin ƙarshe, na masu jarrabawar bepese. Kullum ƙarfe goma in an fito rekire, ɗan hutun safe, takan zo ta zauna gefena, in zuba mata kopto da ƙuli mai yawa. Da farko tana ci. A wata na biyu sai ta riƙe kwanon a kan cinya har a buga ƙararrawa, ta mayar mini da shi yadda na ba ta. Rigar lakkwal ta fara yi mata yawa. Wata rana hijabinta ya zame, na ga fili a gefen kanta kamar tafin hannun jariri, inda take tsige gashin da kanta.

Na ce, "Fadila, mi ka damunki?"

Can ta ce, "Gwaggo, ƙara hwaɗi."

"In ƙara hwaɗin mi?"

"Sunan."

Na sake faɗa. Ta lumshe ido.

"Apel ɗai ka kawo ni lakkwal, Gwaggo. In Madam ta buɗe littahin kira tac ce Fadila Abdulhakim, in ce prezant, sai in san ina nan. In na koma gida ba ni sanin ko ina nan."

Ta gaya mini ba ta barci, ƙirjinta kamar an aza mata turmi. Ta ce ta taho da zanen Inna, wani baƙin saƙi da tsohuwa take lulluɓa, shi take gaya wa abin da ya faru a wuni. Ranar ban sayar da sauran kopton ba, na juye wa yara na nufi gidan ƙanena.

"Hamsatu, ɗiyakki ba ta lahiya."

"Wace? Ƙaramar? Ai na ba ta magani."

"Babbar."

Ta yi 'yar dariyar nan ta kunya, ta kawar da kai. "Haba Yaya, ni za ki yi ma wagga magana? Mi mutane za su ce in sunka gan ni zaune da ita muna hira awa ƙawaye? Sai a ce Hamsatu ba ta da kunya."

"Ba ta ci, ba ta kwana, gashinta take tsigewa."

"Tuwonta na nan kullum, ni ka zuba shi da hannuna, kuma ya hi na kowa miya. Ke ma, Yaya, ɗiyar hwari ta. Inna ta taɓa kiran sunanki? Ga ki nan, mi yas same ki?"

"Ni ina da kaka har nay yi arme. Ita wa gare ta?"

"Tana da Allah."

Duk wannan maganar, Fadila tana bayan danga tana wanke kwanuka, tana jin mu sarai. Ba zan ce Hamsatu ba ta son 'yarta ba. Na sha ganinta tana tsamo tsokar da ta fi kyau ta binne a cikin tuwon yarinyar, ta aika ƙannenta su kai mata. Amma in kwanon ya dawo ba a taɓa ba, sai ta juye wa kaji ta yi shiru, don tambaya ma a wurinta rashin kunya ne.

Shi kuwa gogan, Abdulhakim, mai butik, wato kanti, a bakin tasha, shi ne ya fi ƙona mini rai. Mutumin nan ba al'adar da ta tsira a hannunsa. Ya hana makaɗa a sunan 'ya'yansa, ya hana guɗa a gidansa, ya zubar da layun Inna tun tana da rai. Duk al'adar da ta gitta ta gabansa sai ya tsayar da ita ya tambaye ta hujja. Wannan ɗaya ce bai taɓa tambaya ba, don ita ce ta sauke masa nauyi. Na kai ƙararsa wurin limamin masallacinsu, Malam Shu'aibu, mutumin kirki. Malam ya kira shi ya gaya masa gar da gar cewa addini bai san wannan kunyar ba, ya je ya zauna da 'yarsa ya saurare ta. Ya ce, "To, Malam." Ya koma butik.

Malamar ajinsu, Madam Lidiya, 'yar unguwar mishan ce, mace mai sa ido a kan yara. Sau uku tana aika masa takardar kira. A ta uku ya zo, da fuska kamar an ja shi da igiya. Na bar kwanon koptona na bi bayansa har cikin biro, ofishin malamai, ba wanda ya gayyace ni.

Madam ta ce, "Malam Abdulhakim, ɗiyakka ta zaka muna da mwayen sha huɗu cikin ashirin, yanzu shidda gare ta. Amma ba don maki nak kira ka ba. Hawaye take yi cikin kilas ba sauti, kuma ba ta san tana yi ba. Wanga ciwon damuwa na, ciwo na awa kowane. Ku kai ta likita, kuma ku zauna ku tambaye ta."

Ya gyara hula. "Damuwam mi, Madam? Noma take? Ciyad da wani take? Ci take, sha take, ga inuwa. Wanga ciwo na ɗiyan masu kallon tele na. Mu da munka tashi ba mu san shi ba."

"Kakatta da tar rene ta ta rasu."

"Uwata ta, ni ban haukace ba."

Ya fita yana huci. Abin da ya dame shi ba halin yarinyar ba ne, cewa mace ta koya masa riƙon gida a gaban mutane shi ne ya tsaya masa a wuya. Yana isa gida ya shiga ɗakin yaran ya birkice kayanta, ya zaƙulo baƙin zanen daga ƙarƙashin tabarma. Dangin Inna mutanen Lugu ne, garin da ya yi suna da bori, shi kuwa tun yana saurayi duk baƙin ƙyallen da ya gani a ɗakinta sai ya ce na iska ne. Zanen lulluɓi ne kawai, mai warin hayaƙi da man shanu. Ya fito da shi tsakar gida ya zuba masa kananzir ya ƙyasta ashana. Sannan ya fuskanci bango, yarinyar tana tsaye taku biyu daga gare shi, ya ce:

"A gaya ma waccan ba a aje mani kayan iska cikin gida. Kuma lakkwal ta ƙare, tunda can a ka koya mata ciwo."

Maƙwabciyarsu ce ta ba ni labari. Ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har wutar ta mutu, sannan ta ɗauko tsintsiya ta share tokar, don shara aikinta ce.

Ranar ya raba ta da zanen da take yi wa magana, ya kuma raba ta da apel. Na je na same shi a butik.

"Abdu, ba ni ita. Ɗakina ɗaya na, amma ya ishe mu."

"Don a ce na kasa riƙon ɗiyata? Yaya, ina ganin girmanki, amma gidana na. Kak ki ƙara zo mani da wagga magana."

Nan ne nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da na shiga gidan na kamo hannunta na fito, in ya so ya kai ni duk inda zai kai ni. Sai na ji tsoron a ce na raba zumunci, na koma ɗakina. Sati shida yarinyar ta yi a cikin gidan nan, daga shara sai wanki sai ɗebo ruwa. Ƙannenta suna ce mata Yaya, iyayenta suna ce mata waccan. Sau biyu na gan ta a bakin famfo. A na biyun na kira ta har sau uku kafin ta waiwayo, ta dube ni kamar daga nesa.

"Gwaggo, Kaka na kirana."

Na gaya wa Hamsatu. Ta ce mafarki ne, kowa yana yi.

Wata Juma'a ce cikin Afrilu, zafi kamar a bakin murhu. Wajen sha biyun rana, yara suna tashi, sai ga Madam Lidiya da sassarfa, waya a hannu. Ashe wanta Barthélemy shi ne majo, wato babban mai jinya, a wata ƙaramar likita, wato asibiti, ta wani ƙauye a kan hanyar Ɗan Kassari. Wata mata mai amalanken jaki ta tsinci yarinya a kwance gefen kwalta, ba takalmi, leɓe ya tsattsage, ta ɗauke ta ta kai masa. Da ta farfaɗo ta faɗi sunanta, ta ce gwaggonta tana sayar da kopto a ƙofar kolejin Dutsi. Madam ta miƙa mini wayar.

Majo ya ce, "Tanti, kwantad da hankalinki. Mun sa mata sirum na ƙarin ruwa, tana kwana. Ba abin da za ya same ta yanzu."

Madam ta tare ɗan kabu-kabu ta tafi ta zauna da ita. Ni ma na ɗaure kayana zan bi ta, sai wani abu ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Yarinyar nan tun bayan sallar asuba ta bar gida. Rana ta raba tsaka, ba wanda ya zo nemanta. Na ce bari in ga yaushe za su sani. Na koma ɗakina na shimfiɗa tabarma na zauna.

Sai bayan an sauko daga Juma'a, ƙarfe biyu ta wuce, Hamsatu ta yi sallama. Daga baya na ji yadda suka gane: randa ce aka iske ba ruwa, kwanukan safe kuma ba a wanke ba.

"Yaya, waccan ba ta zaka nan ba?"

"Wace waccan?"

"Kin sani mana."

"Ban sani ba. Akuya kunka ɓatar?"

Ta fashe da kuka. Abdulhakim yana waje a kan moto, da farar rigar Juma'a. Na dube su su biyu, na ji duk abin da na haɗiye tun ina yarinya ya taso mini. Na ce mu je kasuwa, yau ranar kasuwa ce, in akwai wanda ya gan ta yana can.

Muka sami Sani mai shela a ƙarƙashin rumfa, da lasifikarsa rataye a kafaɗa. Shi ke cigiyar duk abin da ya ɓata, daga tunkiya har yaro. Abdulhakim ya ce masa yarinya ce ta ɓata.

"Ƙaƙa sunanta?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na duƙa ina gyara ɗaurin zanena.

"Ni ba ni nah haihe ta ba."

Abdulhakim ya motsa baki.

Sani ya ce, "Ban jiya ba, Malam."

Ya sake faɗa, ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin sunan ciwon da ake ɓoyewa.

"To, wane kaya ag gare ta? Wane launin hijabi?"

Ya dubi matarsa. Ba ta sani ba. Matar da ta koya wa idonta kauce wa yarinya, ina za ta san launin hijabi? Sani ya tambayi ko tana da wani tabo, ko wata alama. Suka dubi juna. Mutane sun fara taruwa. Wata mai albasa ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, ɗiyakki ta ko 'yar aiki?"

Na ce, "Sani, ba uwatta lasihikar. Yarinyad da ta gudu ba ta hitowa don muryar baƙo."

Hamsatu ta dube ni da idon roƙo. Na dube ta da idon da ta saba duban 'yarta, wato na kawar da kai. Ta karɓi abin da hannu biyu. Karo na farko ba abin da ya fito sai numfashi. Karo na biyu kasuwar Dutsi gaba ɗaya ta ji.

"Fadila!"

Shekara goma sha biyar sunan nan yana maƙale a maƙogwaronta, ya fito da tsatsa. Wasu tsofaffi da suka san 'yar fari ce suka riƙe baki. Ba wanda ya mutu, sama ba ta faɗo ba, masu ciniki suka ci gaba da cinikinsu.

Na sa su gaba. Muka bi layin masu hatsi, muka ratsa masu tukwane, muka shiga karar dabbobi, Hamsatu tana kira har muryarta ta dushe, sai Abdulhakim ya fizge lasifikar ya ci gaba. Da gangan na bi da su ta bakin tasha, ta gaban butik ɗinsa, inda abokansa suke zaune suna shan shayi, don su ji shi da kunnensu. Kowane kira ina jin sa a raina kamar ruwan sanyi. Na san tana kwance lafiya, da hannun Madam a cikin nata, ban ce uffan ba.

Wajen la'asar wani mai kayan lambu ya ce shi kam da sassafe ya ga wata yarinya ta bi ta garake, wajen rijiyoyi. Gaskiya ya faɗa, ta nan ake yankewa a hau kwalta. Amma Abdulhakim rijiyoyi kawai ya ji. Ya jefar da lasifika ya zuba a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Muka iske shi ya durƙusa a bakin wata tsohuwar rijiya, farar rigar Juma'a ta yi dumu-dumu da laka, ya zura kai ciki.

"Fadila! Fadila! Ki amsa mani, don Allah!"

Rijiyar tana mayar masa da sunan. Hularsa ta faɗa ciki bai sani ba. Mutumin da ya hana kowa kuka ran mutuwar uwarsa, ga shi yana kuka da majina a gaban masu ban-ruwa. Hamsatu ta zube a kan kunyar da aka shuka ganyen salati. Na tsaya na kalle su har na ƙoshi.

"Tashi, Abdu. Tana da rai."

Ya ɗago a hankali. Na gaya musu inda take.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun ba ka yi alwallar Juma'a ba."

Ya miƙe, na ɗauka zai mare ni. "Ke wace irin zucciya ag gare ki, Yaya? Awa ukku kina kallonmu?"

"Awa ukku kunka yi kuna kira ba a amsa ba, ga ka nan cikin laka. Ita wata biyat tay yi tana jira a kira ta."

Mun isa ƙauyen kafin magariba. Majo Barthélemy ya tare mu a ƙarƙashin dogon yaro, bai bari mun shiga ba sai da ya faɗi abin da ke bakinsa.

"Da anka kawo ta na tambaye ta ina za ta. Tac ce wurin kakatta, ita ka kiranta. Nac ce kakar tana ina, tac ce tana kushewa. Ruwan jikinta mun mai da shi, wanga mai sauƙi na. Ciwon da yah hid da ita daga gida, sirum ba shi maganinai. Akwai likitan irin wanga ciwo Doso, zan rubuta muku takarda. Amma ko shi, in ta koma inda ba a yi mata magana za ta sake hita, kuma ba kullum a ka samun mai amalanke ba."

Ba wanda ya ce masa ciwon masu kallon tele ne.

Fadila tana kwance ta fuskanci bango, ƙafafunta a naɗe da bandeji, Madam Lidiya tana yi mata fifita. Hamsatu ta zube a gaban gadon, da muryar da ta rage mata.

"Fadila. Fadila, ɗiyata. Ni ta, uwakki."

Yarinyar ta juyo. Ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta, ina jin wannan ne karo na farko da idanunsu suka haɗu. Sannan ta ɗauke ido ta nemo ni.

"Gwaggo."

"Na'am, Fadila."

"Gaya ma waccan ta bar kiran sunana. Bakinta bai saba ba."

Hamsatu ta yi wani sauti da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Abdulhakim ya dafa ƙofa.

"Kuma ki gaya ma mai gidan ba ni komawa."

Bai ce gidansa ne ba, bai ce me mutane za su ce ba. Da aka sallame ta, shi ya ɗauko ƙullin kayanta ya kawo ɗakina da kansa.

Yau wata biyu ke nan tana wurina. Mun je Doso sau biyu. Bepese ta wuce ta bana, Madam ta ce ba komai, baɗi tana nan. Tana ci kaɗan-kaɗan, gashin ya fara tsirowa, wata rana ta yi magana, wata rana ta wuni kwance, ni kuwa in zauna kusa da ita ina tsinke zogale ina ba ta labarin Inna. Ina kiran sunanta ko ba abin da zan ce mata.

Masu cewa na yi rashin imani ran Juma'ar nan suna da yawa, har gida suke biyo ni. In sun zo ina tambayarsu yaushe rabon da su zauna da nasu, su tambaye shi me ke damunsa, su kuma yi shiru har ya gama faɗa. Yawanci daga nan sai su tuna sun bar tukunya a wuta. Ku masu 'yan fari, da ku masu 'ya'yan da suka fara yin shiru a cikin gida kuna cewa hankali suka yi, ku je ku duba. Kakannin da kuka dogara da su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kunyar kuwa kun riƙe ta gam don ba ta sa ku aikin komai.

Majo ya ja mini kunne, ya ce kada in koya wa yarinya riƙo, ita ma tana bukatar uwarta. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban hana Hamsatu zuwa ba. Kullum bayan la'asar tana zuwa da kwanon tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa ta kira sunan. Yanzu bakinta ya fara sabawa. Jiya ma ta zo, ta kira sau uku. Fadila tana taya ni tsinkar zogale, na ga hannunta ya tsaya cak, amma ba ta ɗago ba. Hamsatu ta dube ni, wai ko zan sa baki. Na tura mata kujera da ƙafa, na ce ta zauna, saura mata wata uku ta cika biyar ɗin.